Teku a Cikin Gilashi: Kafin Ka Sayi Matacin Ruwan Kifi a Batsari ko Safana

Kusan duk ɗalibin da ya taɓa aron wayar yayansa ya ci karo da irin bidiyon nan: akwatin gilashi cike da ruwa garau, duwatsu masu rassa kamar itatuwa, ga wasu 'yan kifaye ruwan goro masu ratsin fari suna shawagi a tsakani. Su ne irin kifin da aka yi fim ɗin yara na Finding Nemo a kansa a shekarar 2003. Akwatin kuwa sunansa akwariyom, kuma ruwan da ke cikinsa na gishiri ne irin na teku. Daga gani sai zuciya ta raya wa mutum: me zai hana ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ta haɗa nata?

Tambaya ce mai kyau, ba kuma za mu kashe wa kowa gwiwa ba. Sai dai kuɗin da ƙungiya za ta kashe na karo-karo ne, wani daga kuɗin tararsa ya rage, wani kuma kazarsa ya sayar. Kifin kuma mai rai ne, amana ce a hannun wanda ya tsare shi. Don haka kafin a aika wa wani ɗan'uwa a Abuja ko Legas saƙon ya sayo kaya, ya kamata mu san aikin kowace na'ura, da wadda ta zama dole, da wadda za ta iya jira.

Nisan teku shi ne abin da mutane suka fi kawowa, amma shi ne mafi sauƙin warwarewa. Gaskiya ne daga Katsina zuwa gaɓar teku a Legas ya haura kilomita 1,000. To amma tun a 1854 wani Bature ɗan Ingila, Philip Henry Gosse, wanda ya yaɗa kalmar akwariyom ɗin kanta, ya nuna cewa ana iya haɗa ruwan teku da hannu. A yau ɗaya daga cikin manyan gidajen kallon kifi na duniya yana birnin Atlanta na Amurka, wanda aka buɗe a 2005. Birnin ba ya bakin teku, ruwan famfo suke tacewa su zuba masa gishiri. Abubuwan da za su yi mana tarnaƙi a Batsari da Safana uku ne, kuma duk mun san su: wuta, zafi, da irin ruwan da muke ɗiba.

Dattin da ido ba ya gani

Idan aka ce a tace ruwa, abin da ke zuwa mana a rai shi ne yadda Inna take ɗora ƙyalle a bakin randa ta juye ruwan rijiya, ko yadda ake jefa alif ko dakakken ƙwallon zogale a ruwan gulbi don laka ta kwanta. Wannan tacewa ce ta abin da ido ke gani. A akwatin kifi ma ana yin ta, da soso ko auduga, don kama kashin kifi da ragowar abinci. Ita ce mataki na farko, ita ce kuma mafi arha.

Amma abin da ke kashe kifi ba ya sauya launin ruwa. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, akasari ta jan naman nan da ke gefen kansa wanda yake numfashi da shi. Ragowar abincin da ta ruɓe ma amoniya take zama. Wanda ya taɓa shiga akurkin kaji da aka daɗe ba a share ba, warin nan mai hawa ido shi ne ita. A tafki ko a teku ruwa yana da yawan da zai shanye ta. A akwati mai lita 80 kuwa babu inda za ta je. Ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona wa kifi wurin numfashi, a wayi gari a gan shi yana haki a saman ruwa, ruwan kuma tas kamar a sha. Ƙarin matsala ga mai ruwan gishiri shi ne amoniya ta fi dafi idan ruwa ya yi ɗumi, kuma idan ma'auninsa na pH ya yi sama. Na ruwan teku kuwa yana wajen 8.1 zuwa 8.3, wato ya fi na yawancin ruwan daɗi.

Babu ƙyalle ko rariyar da za ta kama amoniya. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin bakteriya ne. Rukuni ɗaya yana mayar da amoniya ta koma naitirait, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu yana mayar da naitirait ya koma naitiret, wanda kifi yake iya jurewa muddin bai taru da yawa ba, shi kuma ana rage shi ne ta hanyar canza wani kaso na ruwan. 'Yan ajin babbar sakandare za su gane wannan: shi ne zagayen naitirojin da malamin bayoloji da na aikin gona suke zanawa a allo, mu kuma mu haddace saboda jarrabawa. A akwatin kifi za ka iya auna shi da hannunka, mako bayan mako.

Ƙwayoyin nan ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin abubuwa. Suna son wuri mai ƙananan ramuka, da ruwa mai gudu wanda ke kawo musu iskar oksijin. Duk na'urar tace ruwan da za ka gani a kanti, komai ƙyallinta da tsadarta, gida ce kawai da aka gina wa waɗannan ƙwayoyi, aka haɗa mata famfon da zai riƙa ratsa ruwa ta ciki. Ranar da aka ciro ta daga kwali babu ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyin kifi sai an yi mako huɗu zuwa shida. A wannan lokaci ana barin akwatin yana aiki babu kifi, ana ɗan barbaɗa abincin kifi don ya ruɓe ya ciyar da su, ana kuma aunawa. Za a ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka. Sai dukansu biyu sun koma sifiri sannan a saka kifi na farko, ɗaya ko biyu. Mafi yawan kifin da ke mutuwa a hannun sababbin shiga a cikin waɗannan makonni yake mutuwa, saboda an sayo akwati da kifi rana ɗaya.

Wannan ya sa a ganinmu kayan awo, wato 'yan kwalaben sinadarin da ake ɗigawa a ruwa ya canza launi, sun fi cancantar kuɗin farko a kan kowace na'ura mai lantarki.

Akwai tacewa ta uku, ta gawayi. Amma gawayin da ake nufi an sarrafa shi ne da zafi mai tsanani har ya cika da ramukan da ido ba ya gani, yana shanye wari da launi da ragowar magani. Na murhu ba ya kai shi aiki, kuma sau da yawa yana ɗauke da toka, wani ma an yayyafa masa kananzir. Sabon shiga zai iya farawa ba tare da ko wanne ba.

Abin da ruwan gishiri yake nema

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35. Akwati mai lita 75, wato jarka uku ta 'yan garuwa mai lita 25, zai ci kimanin kilo biyu da rabi da ɗoriya tun a zubin farko. Kuma duk mako ɗaya ko biyu sai an kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan an zuba sabon haɗi. Ke nan gishiri saye ne na kullum, ba na rana ɗaya ba.

Kada wani ya ce ai gishiri ba ya wuya a kasuwar Batsari. Gishirin miya kusan zallar sinadari ɗaya ne, wanda shi ne wajen kashi 85 cikin 100 na gishirin teku. Ragowar kashi 15 ɗin, irin su maganisiyam da kalsiyam da fotasiyam da sinadaran da ke riƙe pH kada ya faɗi, su ne rayuwar halittun teku ta dogara a kansu. Manda da balma da kanwa kuwa kowanne da nasa haɗin, babu wanda ya yi daidai. Kanwa ma za ta iya cilla pH sama ta kashe komai cikin dare ɗaya. Gishirin akwariyom haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje, irin su Instant Ocean, kuma farashinsa yana bin dala.

Me ya sa ake wannan tsantseni? Ka yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri, ba da jimawa ba za ka ga ruwa ya tsattsafo. Ruwa yana ratsawa ne ya nufi inda gishiri ya fi yawa. Kifin teku yana zaune a ruwan da ya fi jininsa gishiri, don haka kullum jikinsa yana asarar ruwa. Dole ya riƙa sha yana fitar da gishirin. Tarwada da karfasa akasin haka ne: ruwa ne ke shigarsu, su kuma suna fitar da shi da yawan fitsari. Kowanne jikinsa ya saba da ma'auni guda. Kifin da ke rayuwa a tsakanin murjani bai san sauyi ba, domin teku ba ta canza ɗanɗano tsakanin safe da yamma.

A nan hunturunmu yake shigowa. Wanda ya taɓa shanya wanki a watan Janairu ya san yadda iskar ke zuƙe ruwa. Haka za ta yi wa akwati. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan. Ga lissafi: akwati mai lita 20 ya rasa lita ɗaya, gishirinsa ya tashi daga giram 35 zuwa kusan 37 a lita. Mai lita 100 ko ya rasa lita biyu, bai kai 36 ba. Shi ya sa ƙaramin akwati, wanda ake ganin ya fi dacewa da ɗalibi saboda arha, shi ya fi wuyar riƙewa. Haka kuma idan ruwa ya ragu saboda iska, da ruwan daɗi ake cikawa, ba da na gishiri ba. A sa alama da biro mai kauri a jikin gilashi, a riƙa cikawa zuwa nan kowace rana.

Ana auna gishirin da haidiromita, wadda 'yan ajin fiziks suka sani a darasin nauyin ruwa. Abin da ake so shi ne 1.023 zuwa 1.026. Kada a aro ta masu cajin batir: ita an yi ta ne don ruwan batir, awonta daga wajen 1.100 yake farawa, ga kuma ragowar asid a jikinta.

Ruwan da za a haɗa gishirin da shi ma sai an duba. Na rijiya da na burtsatse sukan ɗauko sinadarai daga ƙasa da duwatsun da suka ratso, wani lokaci har da naitiret daga takin gona ko masai da ke kusa. Na famfo yana iya zuwa da kilorin, wanda aikinsa kenan kashe bakteriya, har da masu amfanin da muka yi wata guda muna reno. Masu kiwon kifin teku suna amfani ne da na'urar da ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata mai hana kusan komai wucewa, irin wadda kamfanonin ruwan roba da yawa ke aiki da ita. Tana buƙatar ruwa mai ƙarfi, tana kuma zubar da lita biyu zuwa huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai tsabta. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka, wannan abin dubawa ne.

Sai duwatsu. A akwatin teku, gidan bakteriya mafi girma shi ne dutsen da ake kira rayayyen dutse, wato tsohon ƙashin murjani mai ramuka kamar soso, ana sa kimanin kilo ɗaya ga kowace lita goma. Murjanin da kakanninmu mata suke ɗaurawa a wuya, wanda fatake suka riƙa ketowa da shi ta Sahara daga tekun Bahar Rum, ɗan'uwan wannan ne, kuma dabba ce ta gina shi, ba tsiro ba. Manyan duwatsun da suka kewaye garuruwanmu ba za su maye gurbinsa ba, domin a toshe suke, ruwa ba ya shigarsu. Marmara tana da ramuka, amma cike take da ƙarfe.

Akwai na'ura ɗaya da kowane mai bidiyo yake yabo, makwashin kumfa. Tana busa dubban ƙananan ƙwayoyin iska a cikin wani bututu, datti ya manne musu, kumfar ta hau ta zube a wani kofi, baƙa mai wari, tun kafin dattin ya ruɓe ya zama amoniya. A ruwan gishiri kaɗai take aiki sosai, domin a nan ne kumfa take yin ƙanana ta daɗe ba ta fashe ba. Dabara ce mai kyau. Amma mai kifi biyu ko uku a lita 100, wanda yake canza ruwa a kan lokaci, zai iya rayuwa ba ita. Mun sa ta a ƙarshen layi. Abin da ba a iya bari shi ne ƙaramin famfon da ke motsa ruwa, wanda zai juya ruwan akwatin aƙalla sau goma a awa. Fitila mai ƙarfi kuwa ta masu renon rayayyen murjani ce, shi kuma ba aikin shekarar farko ba ne.

Wuta da zafi

Kifin murjani yana son digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, duk shekara. A watan Afrilu zafin yankinmu yakan kai digiri 40, a ɗakin kwano ma ya wuce. A daren hunturu kuma yakan sauko ƙasa da 15. Ke nan akwati ɗaya yana buƙatar hita a Disamba, da abin sanyaya ruwa a bazara. Hita tana cin wajen wat ɗaya ga kowace lita. Na'urar sanyaya ruwa ta fi ta tsada da cin wuta. Dabarar mai ƙaramin ƙarfi ita ce a saita fanka tana busa saman ruwan, ya yi sanyi kamar yadda randa ke sanyaya nata, amma hakan yana ƙara saurin ƙafewa, mu koma kan maganar gishiri.

Ga wani abu kuma: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. Ruwan daɗi a digiri 20 yana ɗaukar kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Ruwan teku yana ɗaukar ƙasa da haka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. To a ce an ɗauke wuta da tsakar rana a watan Afrilu. Famfo ya tsaya, ruwa ya kwanta, kifi da bakteriya duk suna ja daga ɗan oksijin ɗin da ya rage. Cikin 'yan sa'o'i kifi zai fara galabaita. Idan abin ya ɗauki tsawon lokaci, bakteriyar da ke cikin rufaffen mataci za su mutu, idan aka dawo da wuta kuma famfo ya watso ruɓaɓɓen ruwan cikin akwati.

Saboda haka a wurinmu batir da faranti mai amfani da hasken rana suna gaba da mataci a jerin sayayya. Ga aikin gida ga masu son lissafi: famfon iska mai wat 3 da famfon ruwa mai wat 10, idan suka yi awa 12 na dare, sun ci wat-awa 156. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 40 yana riƙe wat-awa 480, amma irin na gubar dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Ya isa, har da ragowa. Yanzu ku ƙara hita mai wat 100 ku sake lissafawa. Za ku ga dalilin da ya sa lulluɓe akwati da tsohon bargo ko kwali a daren sanyi ya fi mana sauƙi. Kuma kowa ya riƙe wannan: ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da na daɗi, a cire soket kafin a tsoma hannu.

Da me za a fara?

Shawararmu ga ƙungiyar da ke da ɗan kuɗi ita ce ta fara da ruwan daɗi, ta yi shekara guda cur tana riƙe da shi, da bazararta da hunturunta. Ilimin ɗaya ne, bakteriyar aikinsu ɗaya, kayan awon ma galibi ɗaya ne. Bambancin shi ne kuskure a nan ba ya cinye asusun ƙungiya.

Kifi kuwa muna da shi a kusa. Madatsar ruwa ta Zobe da ke Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, masunta suna kamun karfasa da tarwada a cikinta. Ta arewa da Batsari kuma akwai ta Jibiya. Masu kiwon kifi a tankuna suna sayar da 'ya'yan tarwada. Ita tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari kai-tsaye, shi ya sa ɗauke wuta ba ya tayar mata da hankali. Aibinta shi ne saurin girma da cinye duk wanda ya fi ta ƙanƙanta, bayan zango ɗaya sai an nema mata babban wuri. Karfasa ta fi daɗin kallo: uwar takan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki, ba ci ba sha, har su ƙyanƙyashe, idan 'ya'yan suka tsorata kuma su ruga su koma ciki. Wanda ya samu 'yan kifayen ado da ake kira gofi da moli ya dace, ƙanana ne, masu juriya, suna cin tsutsar sauro. Moli ma ana iya saba masa da ruwan gishiri a hankali har ya kai na teku, don haka shi ne gadar da ƙungiya za ta bi ta koyi aiki da haidiromita ba tare da ta sayi kifi mai tsada ba.

Zuwa bakin dam sai da malami da izinin iyaye, kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. A saya a hannun masunta, kada a shiga ruwan, kada kuma a kwaso dodon koɗi, domin wasunsu ne ke ɗauke da cutar tsargiya.

Matacin da ya fi dacewa da mu shi ne na soso mai aiki da famfon iska, kuma ana iya haɗa shi da hannu. A samu gorar roba, a huhhuda ƙasanta, a cika rabinta da tsingaro da aka farfasa ƙanana aka tafasa, a naɗe wajen hudojin da sabon soso wanda bai taɓa ganin sabulu ba. A zura siririn tiyo daga famfon iska har ƙasan gorar, a nutsar da ita a tsaye, bakinta a buɗe a ƙarƙashin ruwa. Iska tana hawa tana jan ruwa sama, wani ruwan kuma yana shigowa ta cikin soso da tsingaro. Soso ya kama datti, tsingaro ya zama gidan bakteriya. Zobban da ake sayarwa a kanti don wannan aiki su ma gasasshen yumɓu ne, kamar fasasshen tulun da ke bayan ɗakin Inna. Akwai famfunan iska da ke aiki da irin batirin da muke cajin waya da shi, kuma ko an samu tsaiko, soson a buɗe yake a cikin ruwa, ba ya saurin ruɓewa kamar rufaffen mataci.

Idan soso ya toshe, a matse shi a cikin bokitin ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Wanke shi da sabulu ko ruwan zafi daidai yake da komawa ranar farko. Abinci kuma a ba da wanda za su cinye cikin minti biyu ko uku. A makaranta wannan shi ne babban haɗari, domin kowa ya zo wucewa yana so ya jefa ɗan burodi. A naɗa mutum ɗaya kowane mako, a rubuta sunansa a jikin bango. A ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa, a kan teburin da zai ɗauki nauyi, domin lita 100 kilo 100 ce, ban da gilashi da yashi. Fiya-fiya, maganin feshi da hayaƙin maganin sauro kada su kusanci ɗakin. Idan ruwa ya yi wari ko ya yi fari-fari, ruwa ba ya tsami banza: a dakatar da abinci, a auna, a canza kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai maganar hutu. Wa zai kula da kifin a dogon hutu, ko ranar da aka rufe makaranta ba shiri, kamar yadda aka sha yi a yankinmu? Lafiyayyen kifi yana iya yin mako guda bai ci ba, amma akwatin teku ba zai yi kwana uku babu mai cika masa ruwa da duba wuta ba. A tsayar da malami ko ɗalibin da ke zaune kusa tun kafin a sayi komai. Kifin adon da aka gaji da shi kuma a ba wani, kada a sake shi a Zobe ko a rafi. Wani kifi mai ƙayoyin dafi na tekun Indiya da Fasifik, wanda aka fara gani a gaɓar Florida ta Amurka a 1985, kuma ake kyautata zaton masu akwariyom ne suka sake shi, ya bazu har tsibiran Karebiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin.

Wanda abin ya shiga ransa, hanya a buɗe take. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da ilimin kifi da kiwonsa. A New Bussa ta Jihar Neja akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, a Legas kuma akwai ta binciken teku. Ƙungiyar da ta kai matakin sayen kifin Nemo, ta tambayi mai sayarwa ko a tanki aka ƙyanƙyashe shi. Yawancin kifayen ado na teku kamo su ake yi daga cikin murjani, a wasu sassan Indunusiya da Filifin har da fesa musu guba don su suma, abin da ke kashe murjanin da ke kewaye. Irin na Nemo yana cikin kaɗan ɗin da ake haifa a tanki, kuma wanda aka haifa a can ya saba da abincin gwangwani, ya kuma fi jure doguwar tafiya a cikin leda daga Legas zuwa Katsina.